Jirgin Kawu da lambar da kafaɗarsa ta rufe

Tun muna yara ake faɗa mana cewa Kawu yana da jirgin sama a Amurka. Labarin dai iri biyu ne, ya danganta da bakin da ya fito. Inna, wadda take ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta ce jirgin nasa ne na kansa, har ya taɓa faɗowa da shi, Allah ya yi da sauran kwana. Wasu daga cikin dangi kuwa sai su taɓe baki, su ce zuƙi ta malle ce, ina ma'aikacin albashi ina mallakar jirgi. Shi kuma ba mai yawan magana ba ne. In an tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai tsohon zance ne."

Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka aiko mana da takardunsa. A cikinsu na tsinci lasisin tuƙin jirgi wanda ya koɗe, da hoto ɗaya tak. A hoton yana jingine da wani ƙaramin jirgi fari mai jan layi, yana sanye da riga mai faffaɗar kwala irin ta shekarun 1970. Lambar jirgin tana rubuce ɓaro-ɓaro a jikinsa: harafin N, sai lambobi huɗu, sai wani harafi a ƙarshe. Amma kafaɗar Kawu ta rufe lamba ta uku ruf. Da ya matsa taku ɗaya kawai, da ya rage mini wahalar wata bakwai.

Ni ban san komai game da jirage ba a lokacin. Abin da na fara koya shi ne harafin farko na ƙasa ne: N na Amurka, G na Birtaniya, C na Kanada, F na Faransa. Sai na koyi karanta jikin jirgin kansa. Fiffikensa a sama yake, an tokare shi da sanda, yana da kujeru huɗu da taya a gaba, to Cessna 172 ke nan, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000. Yawan nan shi ya fara kashe mini gwiwa. Sai dai hoton ya taimaka: jelar jirgin ta karkata baya, kuma akwai taga a bayan kujeru. Karkatacciyar jela ta zo ne a 1960, tagar baya kuma a 1963. Wato duk wanda aka ƙera kafin 1963 ya fita daga lissafi.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, tana da rajista a intanet wadda kowa zai iya dubawa kyauta. Na zauna na riƙa cike gurbin da kafaɗar ta rufe, daga 0 zuwa 9. A gwaji na shida sai ga Cessna 172, rajistarsa da rai, kuma a jihar da Kawu ya zauna. Ban tsaya karanta sauran shafin ba. A daren na rubuta doguwar wasiƙa ga mai jirgin, na haɗa da kwafin hoton, na kuma kira Inna na ce mata an ga jirgin Yaya. Wannan kiran shi ne abin da na fi nadama a duk aikin.

Bayan mako uku amsa ta zo. Mutumin kirki ne, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce nasa jirgin an ƙera shi ne a ƙarshen shekarun 1990, bayan da Cessna ta dawo da ƙera ƙananan jirage da ta dakatar a 1986. Ba yadda za a yi jirgin da ba a ƙera ba tukuna ya fito a hoton da ya girme shi da shekara ashirin. Shekarar ƙirar kuwa tana nan a shafin da na buɗe, ɗoki ne ya rufe mini ido.

Shi ya fahimtar da ni abin da ya kamata in sani tun farko. Lambar da ke jikin jirgi kamar lambar mota take, ana iya cire ta a ba wani. A Amurka in aka soke rajistar jirgi, lambar tana iya komawa kan wani daban bayan wani lokaci, mai jirgi ma yana iya neman a canja masa lamba don ra'ayin kansa. Abin da ba ya canjawa shi ne lambar masana'anta, wadda aka buga a wani ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikin jirgin tun ranar da ya fito daga masana'antar Cessna a jihar Kansas. Ita ce daidai da lambar shasi. (Da a Birtaniya Kawu ya zauna da na huta, don su ba sa ɗaukar lambar wani jirgi su ba wani.) Ya kuma nuna mini cewa a ƙasan shafin FAA ɗin akwai jerin jiragen da suka taɓa riƙe lambar aka soke su. Ni ban taɓa gangarawa can ba.

Na koma kan lambobi goman nan, wannan karon da takarda da biro, ina rubuta masu rai da waɗanda aka soke. Huɗu suka fito a matsayin tsofaffin 172 na tsakiyar shekarun 1960. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin masana'anta tana karɓar lambobin ne a jere, tana liƙa wa jiragen da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Babu hanyar rarrabe su daga hoto, sai na nemi fayil ɗin dukkan huɗun. Ofishin rajistar yana birnin Oklahoma, kuma kowa yana iya neman kwafin fayil ɗin jirgi a kan daloli kaɗan. Dole ne a ba su lambar masana'anta tare da lambar rajista, in ba haka ba a sake kawo maka tarihin jirgin wani.

Fayil ɗin kashi biyu ne: na mallaka da na lafiyar jirgi. Na mallakar ya ƙunshi takardun ciniki, da takardar neman rajista ta kowane sabon mai shi, da takardun bashin banki in an jinginar da jirgin. Karanta shi kamar bin salsalar gida ne, wane ya sayar wa wane, wane ya mutu magada suka sayar. Fayil na farko da na biyu babu komai. A na uku, bayan makarantar koyon tuƙi da ta fara sayensa da wasu mutum biyu, sai ga wata takarda da aka buga da tafireta, an yi alama a akwatin da ke nufin mallakar haɗin gwiwa. Sunaye huɗu ne a jere. Na uku sunan Kawu ne, an rubuta sunan mahaifinsa da kuskuren harafi ɗaya, kuma a gefe ga sa hannunsa, irin wanda yake yi a ƙasan wasiƙun da yake aiko wa Inna. Na daɗe ina kallon wannan sa hannun.

Kuskuren harafin nan ma darasi ne. Tun a farko na gwada neman sunansa kai tsaye ban samu komai ba, har na fara tunanin masu taɓe baki suna da gaskiya. Neman suna a rajistar ba ya kai mutum ga wanda ya sayar da jirgi shekaru da yawa da suka wuce, ballantana sunan da magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

To ashe kowa ya faɗi rabin gaskiya. Yana da jirgi, amma rubu'insa ne nasa. Haka mutane masu matsakaicin ƙarfi suke yi a can: su haɗa kuɗi su saya, su raba kuɗin inshora da na wurin ajiya da na binciken shekara-shekara da doka ta wajabta, kowa ya biya man da ya ƙona. Na so in san nawa suka saye shi, amma takardar cinikin ta ce dala ɗaya da sauran abubuwa masu daraja. Na zaci wasa ne, daga baya na ga haka ake yawan rubutawa don kada a bayyana farashin. Takardar bankin ce ta nuna sun ci bashi, wata kuma bayan shekara uku ta nuna sun gama biya.

Saura batun faɗuwa. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, tana da kundin haɗurran jirage da ya faro daga 1962. Na nema da lambar rajista, na nema da jiha da shekaru, babu ko alama. Nan ma na kusa yanke hukunci cewa ba a taɓa yi ba. Sai na karanta ma'anar haɗari a dokarsu: sai an mutu, ko an ji mummunan rauni, ko jirgin ya yi babbar ɓarna. Lalacewar taya ko ƙafar sauka, ko farfela ta bugi ƙasa, ba sa cikin babbar ɓarna. Amsar tana cikin kashi na biyu na fayil ɗin, a wani fom mai lamba 337 da makaniki yake cikewa duk lokacin da aka yi babban gyara ko sauyi. Cikin shekarun da Kawu yake da hannu a jirgin akwai guda ɗaya: an miƙe fiffiken farfela, an gyara ƙafar gaba. Fom ɗin bai faɗi wanda yake tuƙi ba. Ni dai na fi zaton saukar da ta zo da gardama ce, hancin ya riga tayoyin baya taɓa ƙasa, labarin kuma ya yi ta girma a hanya kafin ya iso kunnen Inna.

Takarda ta ƙarshe a fayil ɗin ta ce an soke rajista, an fitar da jirgin zuwa Kanada. Rajistar Kanada ma a buɗe take, kuma tana karɓar lambar masana'anta. Cikin minti biyu na same shi, da sabuwar lamba mai farawa da C-G, har yanzu yana da rajista. Wannan karon ban gaya wa kowa ba. Na rubuta wasiƙa gajera, na sa lambar masana'antar a layin farko, na ce ba ciniki nake nema ba kuma ba ƙara ba.

FAA ba ta ajiye littattafan da ake rubuta aikin yau da kullum na jirgi. Suna bin jirgin ne daga hannu zuwa hannu, ɗaya na gangar jiki, ɗaya na inji, kuma jirgin da littattafansa suka ɓace darajarsa tana faɗuwa sosai, shi ya sa ake adana su kamar takardar fili. Matar da take da jirgin yanzu tana da su tun daga na farko. Ta ce an sake masa fenti, ya koma shuɗi, kuma tuni aka canja injin Continental mai silinda shida da ya zo da shi, amma tsohon littafin injin yana cikin akwatin. Ta ɗauko mini hoton shafuka uku. Dokar Amurka ta yarda mai jirgi da yake da lasisi ya yi ƙananan ayyuka da kansa, irin su canja baƙin mai, muddin ya rubuta ya sa hannu. A shafi na biyu, tsakanin rubutun makanikai, akwai layi ɗaya da shuɗin biro: kwanan wata, sa'o'in inji, an canja mai, an wanke matatar mai, sai sa hannun Kawu da lambar lasisinsa. A gefen layin akwai tabon yatsa na baƙin mai.

Na buga shafin a takarda na kai wa Inna tare da sabon hoton jirgin. Na yi mata bayanin mutum huɗu da bashin banki da farfela. Ta sa tabarau, ta ƙi kallon shuɗin jirgin, ta ce wannan ba shi ba ne, na Yaya fari ne. Sai ta ɗora yatsarta a kan tabon ta ce, "Ka ce dai bai faɗo ba?"

Na ce, "Inna, takarda ta ce ƙafar gaba ce kawai ta lanƙwashe."

Ta ce, "To ai faɗowa ke nan." Ta ninke shafin ta sa a ƙarƙashin matashinta.