Na koma girki da gas, dala ta biyo ni har madafa

Wake da shinkafa nake sayarwa a Aboabo, nan Kumasi, sana'ar da na gada wurin innata. Hayaƙi ne ya kore ni daga itace da gawayi. Kullum idanuna jajir, tari kuma ba ya barin yarinyar da ke taya ni aiki. Da na kwashi adashi sai na sayi tukunyar gas mai kilo 14.5 da murhu mai kai biyu.

Daɗin aikin ba a magana. Ka murɗa, wuta ta kama, gindin tukunya fes, ba fifita, ba toka a miya. Wahalar tana wurin ciko.

Mu a nan mun ɗauka tunda ana haƙo mai a rijiyoyin Jubilee tun 2010, ga kuma masana'antar gas a Atuabo, ai gas ya zama namu. Ashe abin da Atuabo ke fitarwa na girki bai ishi ƙasa ba, sauran sai an shigo da shi daga waje, da dala. Tun 2015 gwamnati ta saki farashin man fetur da gas ga kasuwa, sau biyu a wata ake duba shi. A 2022, da sidi, kuɗinmu na Ghana, ya faɗi warwas, sai na je gidan gas da kuɗin da suka cika mini tukunya a watan baya, in dawo da ita ba nauyi. Na ce wa mai cikon, "Ɗana, yau kuma me ya faru?" Ya ce, "Hajiya, dala ce." Ni kuwa ba ni da halin ƙara wa ɗan makaranta kuɗin waken da zai karya da shi.

Dole na raba aikin. Wake da karan dafi suna cin wuta, sai na mayar da su kan gawayi tun asuba. Miya, suyar kifi da taliya suna kan gas. Tukunyar gas biyu nake ajiyewa, kuma in na ji sidi na tangal-tangal ba na jiran ta ƙare, cikowa nake yi kafin sabon farashi. Duk safiya ina shafa kumfar sabulu a bakin tiyo, in ya yi ƙwai-ƙwai to akwai yoyo. Wanda ya ga hotunan gobarar gidan gas na Atomic Junction da ke Accra a 2017 ba ya wasa da wannan.

Abin da ke ci mini rai shi ne, gwamnati na cewa tana so rabin 'yan ƙasa su koma gas nan da 2030 don a ceci dazuzzuka, amma kowane kilo da muke saya akwai haraji a kansa. Maƙwabtana da dama sun jingine tukwanensu a lungu sun koma gawayi, manyan motoci kuma ba su fasa sauke buhunansa daga arewa ba. In da gaske ake, a cire harajin nan daga gas ɗin girki, a kuma faɗaɗa Atuabo. Ranar da aka yi haka, waken ma kan gas zan ɗora shi.