Rulmar gaba: wadda ake yi a gida da wadda ake kai wa injin matsi

A garejin da na koyi aiki a Tawa, maigidana ba ya barin yaro ya ɗauki guduma sai ya faɗa masa wace irin rulma ce a motar. "Kai yaro, duba tukuna," haka yake cewa. Rulma ita ce zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Kukanta in ta lalace kowa ya san shi, gurnanin nan da ke ƙaruwa da gudu, in ka karya kwana hagu ya tsananta to galibi ta dama ce. Amma kuka ba ya gaya maka yadda za a yi aikin.

Tsofaffin motoci masu ja da tayoyin baya, irin Peugeot 504, rulma biyu ce a kowace tayar gaba, ta ciki da ta waje. Wannan kam aikin gida ne. Ka wanke cibiyar, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa, da gazuwal, ka cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ka sa sabuwar robar da ke tare shi. Wurin noti ake gane gwani. Kana juya taya kana ɗaurewa har rulmar ta zauna, sai ka sassauta, ka mayar da shi a hankali ba tamau ba, ka kulle shi yadda ba zai kwance ba. Mutanenmu gani suke ɗaurewa tamau ita ce lafiya. Ina! Rulmar da aka shaƙe zafi take ɗauka, giris ya narke, kafin ka kai Ƙwanni cibiyar ba ta taɓuwa.

Corolla da 'yan uwanta masu ja da gaba labarinsu daban. Rulmarsu guda ce, a rufe take da giris ɗinta, da injin matsi ake shigar da ita. A gida iyakarka ka kwance ƙafar tayar dungurungum ka kai wa mai injin, ka tsaya a kansa. Ƙarfin ya sauka a kan zoben waje kaɗai; in ya bi ta na ciki, 'yan ƙwallayen sun lotsa hanyarsu tun motar ba ta motsa ba, sai a ɗora wa mai sayar da kaya laifi. In akwai ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, gefen da ke da maganaɗisu ne ke fuskantar ciki. Notinta kuwa, saɓanin na 504, so yake a ɗaure shi sosai daidai awon kamfani, kuma tun mota tana ƙasa ake fara sassauta shi.

Sai yashinmu. Kirik ba ya tsayuwa a kan rairayi, dole a shimfiɗa masa katako mai kauri, a tokare motar da abu mai ƙarfi kafin a sa hannu. Birkin da aka cire a rataye shi da waya, kada ya yi lilo da tiyonsa. Sabuwar rulma kuma ba na buɗe ledarta sai lokacin sa ta, musamman in iskar hunturu na kaɗawa.