Ƙarfen da ke ba da rance ya karɓi abinsa

Jiya bayan la'asar ina gidan Inna a Birni tana gwajin suga, ta ɗiga jini kan ɗan fallen nan da ake sokawa cikin na'ura, sai ƙanena da ke ajin ƙarshe a lise ya ce Yaya wai me ke cikin wannan ɗan abu da har yake ƙirga suga. To ni da ma neman mai saurare nake, tun da na gama karatun shimi, wato ilimin sinadarai, ba a tambaya ta komai sai kuɗin cefane, sai na kwance masa labarin ferosen.

Ferosen wani gari ne ruwan goro, ƙamshinsa kamar na kafur. Ƙirarsa ce abin mamaki, ƙwayar ƙarfe ɗaya ce zaune tsakanin zobba biyu, kowane zobe da karbon 5, kamar ka ɗora goro kan faifai ka kifa wani faifan a sama. Turawa da suka gani sai suka tuna da burodinsu mai nama a tsakiya, wato sanwic, sunan ya bi dangin duka. A 1951 ne Kealy da Pauson suka yi kiciɓis da shi a Amurka, wani abu daban suke nema, kuma ƙirar da suka zana ma ba daidai ba ce, sai a 1952 Wilkinson da Woodward, da Fischer can Jamus, suka gyara. Fischer da Wilkinson suka ci Nobel a 1973.

Ni dai abin da ke burge ni, ƙarfen ƙofar gidanmu in ya saki elektron, 'yan ƙwayoyin nan masu ɗauke da wutar lantarki, shi ke nan ya zama tsatsa, ba dawowa. Amma wannan da ke tsakanin zobba yana da elektron 18 cif a kewayensa, lissafin da irin waɗannan ƙarafa suka fi samun natsuwa da shi, in ka ƙwace ɗaya sai launin ya koma shuɗi, ka mayar masa ya koma ruwan goro, zobba na nan daram ba abin da ya rushe. Rance yake bayarwa ya karɓi abinsa. Na ce wa yaron ya tuna marina, zane na fitowa daga ramin baba kore-kore, iska na bugunsa ya zama shuɗi, can ma elektron ne ke tafiya, kodayake dalilin launin ba ɗaya ba ne kar wani malami ya kama ni. A labo, ɗakin gwaji, in ana ɗaga wa ferosen wutar lantarki ana saukewa ana zana abin da ya gudana, zanen na fitowa kamar agwagwa, tudu sama tudu ƙasa kusan daidai wa daida. Saboda wannan amana tasa ne masana suka mai da shi ma'auni, da shi ake gwada sauran.

Ɗan'uwansa mai ƙarfen kobal a tsakiya shi elektron 19 gare shi, ɗaya ya yi masa yawa, neman wanda zai jibga wa yake, shi ya sa ba a barin sa a iska ko kaɗan.

Inda abin ya fi daɗi kuma, zobban nan ba ado ba ne, suna da ta cewa. Ka liƙa musu metil 10, wasu 'yan rassan karbon masu turo elektron ciki, sai ƙarfen ya ji ya wadata, ya saki nasa da sauƙi da wajen rabin volt, ma'aunin ƙarfin wutar lantarki. Ka liƙa asetil, wani reshen mai jan elektron waje, sai ya maƙale hannu kamar ɗan kasuwar Dole ranar da ba ciniki. In kuma aka haɗa ferosen biyu gefe da gefe, ƙarafan iri ɗaya ne sak amma ba sa sakin elektron lokaci guda, na farko ya saki, na biyu ya ji maƙwabcinsa ya yi rashi sai ya ƙara riƙewa, sai an ƙara wajen volt 0.3. A tsakanin nan elektron ɗaya na ta kai-komo tsakanin gidajen biyu, kuma in aka nisanta su da doguwar gada sai jin junan ya ragu har su dawo suna saki lokaci guda.

Batun suga kuwa, a Oksfod ne a 1984 aka nuna cewa wani ɗan gidan ferosen zai iya zama ɗan aike, anzim, sinadarin halitta da ke sarrafa suga, ya karɓi elektron daga suga, ferosen kuma ya kwasa ya kai wa waya, na'ura ta ƙirga. A 1987 na'urar ExacTech ta fito kasuwa da wannan dabara. Na yanzu da yawa sun canza ɗan aike amma aiken bai canza ba.

Ina shirin shiga labarin uranosen, wani ɗan'uwan ferosen wanda aka haɗa a 1968 da yuraniyom irin wanda ake haƙowa a Arlit, Inna ta ce kai Malam ka cika mu da surutu, ka duba mini lambar nan kafin ta ɓace, ido ba ya gani.