Kwana 17 a cikin sulke

Yau Laraba, kwana 17 da yi mini aikin rage tumbi a Legas, kwana shida da dawowata Kano. Ƙaiƙayi ne ya tashe ni tun kafin kiran sallar asuba, a kwiɓin hagu, kuma ba halin sosawa, don tsakanin farcena da fatata akwai soson da ake shimfiɗawa a kan fata, akwai wannan riga mai matse jiki a kansa. A asibiti faja suke ce mata, kalmar Sifaniyanci ce, kuma tawa ɗinkin Kolombiya ce. Inna kuwa tun ranar da ta fara ganinta ta raɗa mata sulke, sunan ya bi ta.

Daga ƙarƙashin ƙirji take har gwiwa, da ƙugiyoyi layi uku a gaba irin na rigar nono, da tsaga a ƙasa don kada a cire in za a kewaya. Likita ya ce dare da rana har mako shida, wanka kaɗai ke raba mu. Da aka tsotse kitsen, aka ɗaga fatar cikin aka ɗinke naman da haihuwa huɗu ta raba, an bar sarari tsakanin fata da nama. Shi kuwa jiki in ya samu sarari sai ya cika shi da ruwa. Aikin rigar ke nan, ta danne wurin, kumburi ya ragu, fata ta koma ta kwanta.

Na san duk wannan, amma yau sai da na yi ganganci. Guda biyu na sayo, sai dai ta biyun ƙarama ce, ta nan gaba in kumburi ya saɓe. Ta jikina kuwa, da wannan zafin na bazara, ta fara tsami. Da hantsi na ba ƙanwata ta wanke ta da hannu, da ruwan sanyi, ta shanya a inuwa, don rana na kashe robar. Na ce ai awa ɗaya ta bushe a gaban fanka. Ko minti goma ba a yi ba aka ɗauke wuta.

Da farko daɗi na ji, wallahi. Iska ta taɓa bayana, na yi numfashi har ƙasan ciki. Can sai cikin ya fara nauyi, kamar ba nawa ba, in na juya sai in ji kamar ledar ruwa aka ɗora mini. Awa biyu da rabi na yi a haka. Da muka zo mayarwa, ƙugiyoyin da jiya suka shiga layi na biyu har ina murna, yau suka ce ba su san zancen ba. Muka koma layin farko, ina kwance ƙanwata tana ja, gumi na zubo mana mu duka.

A haka Inna ta shigo ta same mu. Ta tsaya ta kalle mu, ta jawo zani daga bakin gado.

"Tashi in ɗaure miki irin na jegonki na fari. A dafa ruwa da ganyen darbejiya a gasa wurin, kwana uku ki ga aiki."

Na ce, "Inna, ki rufa mini asiri. Daga cibiya zuwa ƙasa ba na jin komai, ko ruwan ya ƙona ni ba zan sani ba." Na ƙara mata da cewa matsi in ya yi yawa yana hana jini isa bakin ɗinki, kuma an ce mini in tafin hannuna bai shiga tsakanin rigar da jikina ba, to ta wuce misali. Ga shi zani yana naɗewa, inda ya naɗe kuma sai ya bar kwari a fata.

Ta ninke zaninta a hankali ta ce, "To. Lafiyarki ƙalau kika kai kanki aka yanka, aka kuma sayar miki da ɗaurin ciki da tsada." Ban da amsa. Dariya ta taso mini, dole na rungume matashi a ciki, don dariya yanzu azaba ce.

Azahar da la'asar a kan kujera na yi su. Maƙwabciyarmu ta leƙo dubiya, na zurma hijabi, na ce aikin ciki aka yi mini, kuma ai ban yi ƙarya ba. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne auta, da ya miƙo hannu in ɗauke shi na ce ya je wurin Antinsa, ya tsaya yana kallona.

Da dare na gano tushen ƙaiƙayin: soson ne ya lanƙwashe ya zana jan layi a kwiɓin. Na miƙar da shi, na ɗauki hoto na tura wa nas ta WhatsApp, ta ce fatar ba ta fashe ba, in riƙa dubawa safe da yamma, kuma kada in sake barin jikina ba rigar tsawon lokaci. Na riga na faɗa wa Abban yara gobe za a nemo mini wata daidai girman wannan. Yanzu matashi biyu a baya, ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, wuta kuma har yanzu shiru.