Hawan igiyar ruwa da sassafe: shiri a Gombe da Bauchi, aiki a bakin teku

Duk ɗan Gombe ko Bauchi da fatauci, karatu ko hidimar ƙasa ta kai shi Legas, in ya shiga jirgin ruwa ya tsallaka zuwa gaɓar tekun Tarkwa Bay, zai tarar da samari tsaye kan allo, igiyar ruwa na gudu da su zuwa gaɓa. Daga nesa abin kamar wasa. Amma wanda ya shafe awa biyu a cikin ruwan, in aka tattara lokacin da ya yi a tsaye, da wuya ya cika minti biyu. Sauran duk tuƙi ne da hannu, da jira, da shan ruwan gishiri. Igiya ɗaya mai kyau da ta ɗauke ka daƙiƙa takwas ko goma ta biya wahalar safiyar nan gaba ɗaya, kuma ana iya soma shirinta tun daga gida.

Iyo ne farko. Wanda bai iya ninkayar mita 200 ba tare da ya tsaya ba, kuma bai iya riƙe kansa a ruwa mai zurfi na minti biyar ba, kada ya taɓa allo. Allo ba rigar ceto ba ce, yana kuɓucewa. Mu nan muna da wurin koyo da ba kowa ke da irinsa ba: Wikki a Yankari. Ruwan garau ne, ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 rani da damina, kuma yana gangarawa a hankali, don haka mai iyo yana fuskantar inda ruwan ke ɓuɓɓugowa yana samun irin gajiyar kafaɗa da teku za ta nema a wurinsa. In Yankari ta yi nisa, wurin ninkaya na otal ya wadatar. Madatsar Dadin Kowa kam ban ba kowa shawarar koyon iyo a cikinta ba. Akwai dorina, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwa mai kwanciya, ga zurfin da ba a ganin ƙasansa.

Abu na biyu da ake koya a tsakar gida shi ne miƙewa. Shimfiɗa tabarma, ka ja layi da alli a tsakiyarta. Kwanta rub da ciki a kan layin, tafin hannu biyu a ƙasa daidai haƙarƙari, ba can gaban kafaɗa ba. Tura ƙirji sama, ka jawo ƙafafu ƙarƙashinka a motsi guda, ka sauka a kaikaice: ƙafa ɗaya a gaba inda hannayenka suke, ɗaya a baya, tazararsu ta ɗan fi faɗin kafaɗa, dukansu sun gitta layin, gwiwoyi a lanƙwashe. In ba ka san wace ƙafa ce ta gaba ba, sa ƙaninka ya ɗan tura ka ta baya ba zato. Wadda ta fara fita don tare faɗuwa ita ce. Sau 20 kullum bayan sallar asuba, wata guda, jiki zai haddace. Kada ka saba wa kanka durƙusawa kan gwiwa kafin ka miƙe. Ɗabi'a ce mai wuyar bari, kuma rabin daƙiƙar da take ci ita ce igiyar ke wuce mutum a ciki.

Me ya sa sai da safe? Saboda iska. Cikin dare ƙasa takan huce fiye da teku, sai iska mai sanyi ta riƙa sauka daga tudu zuwa ruwa. Wannan iskar tana tokare fuskar igiya, ta shafe ta sumul, ta jinkirta karyewarta. Da rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi, sai lamarin ya juya: iska ta taso daga teku, ta tura igiyar ta baya, ta ruguje ta, ruwa ya zama kamar ana burga shi. Shi ya sa ake shiga da zarar gari ya waye sosai, a fito wajen ƙarfe tara ko goma. Da hunturu kuwa, iskar nan ta arewa maso gabas da ke busar mana da leɓe a Bauchi, in ta isa gaɓar Legas teku ta nufa, don haka safiyar Disamba da Janairu igiyoyi ƙanana ne masu tsafta, daidai da ɗan koyo. Manya sukan zo da damina, daga guguwar da ake yi can nesa a kudancin Tekun Atalantika.

Allon ɗan koyo shi ne mai laushi na soso, tsawon ƙafa 8 zuwa 9, mai faɗi da kauri. Gajeren allo mai tsinin baki da ake gani a bidiyo na gwanaye ne. Ɗan koyo da ya ɗauke shi zai wuni yana nutsewa. Akwai maɗaurin roba mai tsawon allon, ana ɗaura shi a idon sawun ƙafar baya, a duba ko ya tsage kafin a shiga. A goga kaki inda ƙirji da ƙafafu za su zauna, kuma a nemi na ruwan ɗumi, don na ƙasashen sanyi narkewa yake a ruwanmu. Fikafikan da ke ƙarƙashin wutsiyar allo su ne ke hana shi zamewa gefe, kuma su ne suka fi yanka mutum. Sutura: wando zuwa gwiwa mai mazagi, da riga mai kama jiki, domin kaki da yashi suna goge fatar ciki har ta yi ja.

Kafin ka jiƙa ƙafa, zauna a kan yashi minti goma ka kalli ruwa. A nan gwani ke bambanta da mai gaggawa. Igiyoyi ayari-ayari suke zuwa, uku, biyar, wani lokaci fiye, sannan ruwa ya lafa. Ƙirga daƙiƙa tsakanin wannan da waccan: in ta kai 10 ko sama, daga nesa suka taso, suna da ƙarfi da tsari; in 5 ce ko 6, iskar kusa ce ta tayar da su, ba su da turi. Igiya tana karyewa ne idan ta iso inda zurfin ruwa ya ɗan ɗara tsayinta kaɗan, saboda haka inda ka ga tana yawan karyewa, akwai tudun yashi a ƙasa. Teku kuma tana cika ta janye sau biyu a yini, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma tudun da ya yi kyau da ƙarfe bakwai na iya mutuwa da ƙarfe tara. Tambayi samarin wurin, sun san ruwansu kamar yadda manomi ya san fadamarsa.

Sai ka nemi hanyar da ruwa ke komawa. Duk ruwan da igiyoyi suka zuba a gaɓa sai ya koma, kuma yakan bi wani lungu da ya fi duhu, mai kama da kwanciyar hankali, kumfa da shara suna bin sa zuwa ciki. Wannan ne ke cin mutane. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, ba za ka ci ba. Riƙe allonka, ka tuƙa a gicciye, kana bin tsawon gaɓa har ka fita daga lungun, sannan ka bar kumfa ta kawo ka. Tarkwa Bay ta fi sauran gaɓar Legas sauƙi domin katangar duwatsun da ke tsare mashigar tashar jiragen ruwa tana rage mata ƙarfin teku, amma kusa da duwatsun ba wurin ɗan koyo ba ne.

Kwanakin farko a cikin farar kumfa ake yin su, ruwa iya ƙugu. Bayan nan ne ake fita bayan layin karyewa, a zauna kan allo a jira.

To ga ta nan tafe. Zaɓi wadda kafaɗarta ɗaya ta gangara a hankali. Wadda ta miƙe kamar katanga daga wannan gefe zuwa wancan za ta rufe gaba ɗaya, bar ta ta wuce. Juya bakin allo zuwa gaɓa tun tana da nisa, ka kwanta yadda bakin zai ɗaga daga ruwa kamar yatsa uku. In ka matsa baya da yawa, allon zai riƙa huɗar ruwa, igiyar ta bi ta ƙarƙashinka ta tafi. In ka matsa gaba da yawa, ko ka makara, bakin ya soke, ka wuntsila. Tuƙa da hannu ɗaya bayan ɗaya, mai zurfi, ƙafafu a haɗe, ka waiwaya sau ɗaya. Za ka ji wutsiya ta ɗaga. A nan mafi yawan mutane ke ɓata aikinsu, suna ɗokin miƙewa. Ƙara tuƙi biyu masu ƙarfi. Sai ka ji allon ya yi sauƙi, ya soma gudu da kansa ba da hannunka ba. Yanzu ne. Tafin hannu kan allo, ba riƙon gefensa ba, miƙe, ido a inda za ka, domin wanda ya kalli ƙafafunsa can zai faɗa.

Abin da ke biyo baya yana da wuyar faɗa da baki. Hayaniyar tuƙi ta ɗauke, sai ɗan sautin ruwa yana tsagewa ƙarƙashin allo. Bangon ruwa kore yana buɗewa a gabanka, hasken hantsi na ratsa shi, kumfa na biye da kai ba ta cim maka ba. Danna yatsun ƙafa kaɗan, allon ya karkata. Nauyi kan ƙafar gaba ya ƙara gudu, kan ta baya ya rage. Ƙarfin da ke ɗauke da kai ya yi kwanaki yana ratsa teku kafin ya iso wannan tudun yashin, kuma kana jin sa a tafin sawu. Mutum yakan ji bakinsa ya ce Alhamdulillahi bai shirya ba.

Ruwa na da ladabinsa. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita, kada ka faɗo gabansa. In za ka faɗi, faɗi a shimfiɗe ta baya ko ta gefe, ba da ka ba, don ƙasa na kusa. Ka fito da hannu biyu a kan kai, allon yana iya kasancewa a sama yana saukowa. Kuma kada ka shiga kai kaɗai.

Da ka ji iska ta soma bugun fuskarka daga teku, fuskar ruwa ta yi kurji-kurji, safiyar ta ƙare. Fito tun da sauran ƙarfi a kafaɗa. Ɗauraye allo da maɗauri da ruwan daɗi, ka jingine shi a inuwa da gefen kakin a ƙasa, ka sha ruwa mai yawa, don gishiri da rana sun ƙwace maka fiye da yadda kake ji.