Wuƙar rabon kayan Sallah ta buɗe da farce ɗaya bayan mako uku

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon washi da gyaran wuƙa. Jiya da daddare, bayan mun dawo daga tarawihi, wuƙar da na yi mako uku ina fama da ita ta buɗe da farce ɗaya ba tare da gardama ba, kuma farin cikin da na ji ya hana ni kwanciya sai da na buɗe ta na rufe fiye da sau ashirin.

A danginmu ni ne nake rabon kayan Sallah, daga gidajenmu na Hindawiyya a nan Jidda har zuwa 'yan uwa da ke Shara Mansur a Makka. Kaya ne na kwalaye: dabino, alewar yara, turare, da shadda da atamfa da ake aiko mana daga Kano an naɗe su da salatef kamar ba za a sake buɗewa ba. Saboda haka wuƙar aljihu ta zame mini dole. Na daɗe ina auna wuƙaƙen kamfanoni biyu, Victorinox da Opinel. Ta farko tana da almakashi, ƙarfenta ba ya tsatsa, kuma duk mai neman kwanciyar hankali a garin da ke bakin Bahar Maliya ita ya kamata ya ɗauka. Amma ruwan ƙananan nata ba ya kullewa, ni kuwa ina aiki ne yara na kewaye da ni suna jiran idiyyarsu, wato goron Sallah. Wannan ne ya kai ni ga Opinel mai lamba 8, wadda tsawon ruwanta santimita 8.5 ne, tana da zoben kullewa da kamfanin ya ƙara tun 1955, ga kuma ƙarfen kabon da yake karɓar kaifi a kan dutse cikin sauƙin da bakin ƙarfe mara tsatsa bai taɓa ba ni ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne laimar Jidda. A Sallar bara, a gidan Baffa, na zaro wuƙar domin in buɗe kwalin alewa, ta ƙi motsi, na ja da ƙarfi har farcen babban yatsana ya tsage. Baffa ya dube ni ya ce, "Ɗana, bar ta haka, a kawo maka ta kicin." Na ce, "To, Baffa," amma abin ya tsaya mini a rai shekara guda.

Dalilin a fili yake idan mutum ya duba da kyau. An shafe bayan ƙotar, amma cikin tsagar da ruwan wuƙar yake kwanciya itace ne tsirara, yana shan danshin iska da gumin aljihu, ya kumbura ya matse ƙarfen daidai wurin ƙusar da yake juyawa a kanta. Mutanen Savoie, yankin Faransa inda aka fara ƙera ta a 1890, suna da dabarar buga gindin ƙotar a kan abu mai tauri domin ruwan ya ɗan leƙo. Dabarar tana aiki, sai dai ba magani ba ce, kuma ba na son in riƙa buga wuƙa a kan teburin mutane ranar Idi. Sai na yi kuskuren ɗiga man zaitun a tsagar. Ya yi sauƙi na kwana biyu, daga nan man ya yi danƙo, ya tara ƙura da zaren aljihu, ya fara wari, wuƙar ta fi da tauri.

A farkon azumin nan na ƙudura cewa sai na gama da matsalar. Na cire zoben da filaya, kuma a nan na yi asarar da ta yi mini ciwo, domin na buɗa shi fiye da kima ya lanƙwashe, bai ƙara kama ƙotar ba. Na zaga shagunan Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta Jidda, ban sami mai sayar da zobe shi kaɗai ba, dole na sayi sabuwar wuƙa riyal 85 saboda zobenta, a watan da kowane riyal yake da wurin zuwa. A karo na biyu na naɗe bakin filayar da ƙyalle, na buɗa zoben kaɗan kaɗan har ya zame da kansa. Na ajiye wuƙar a buɗe a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana har kwana goma, saboda duk abin da aka shafa wa itace mai danshi rufe danshin kawai zai yi a ciki. Bayan ta bushe na ninka samfefa mai lamba 400 gida biyu, na riƙa goga cikin tsagar kusa da ƙusa, sau biyar ko shida sannan in gwada, don wanda ya ci itacen da yawa zai sami ruwan wuƙa mai girgiza, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Daga ƙarshe na narkar da kakin zuma a gwangwani cikin ruwan zafi, na tsoma kan ƙotar na bar shi yana fitar da ƙananan kumfa har suka daina, na goge, na yi ta buɗewa da rufewa tun kakin yana da ɗumi.

Gwajin da na amince da shi shi ne na jiya. Na sa ta a aljihun jallabiya tun la'asar, na yi yawon kasuwa cikin gumi, na bar ta a mota lokacin salla kamar yadda nake yi idan zan shiga Harami, sannan na dawo na gwada. Ta buɗe sumul, kuma ina alfahari da wannan aikin fiye da duk wani kaifi da na taɓa fitarwa.

Maganar tsatsa ba ta ba ni wahala ba. Na jiƙa ƙyalle da khal, wato ruwan tsami na binega, na naɗe ruwan wuƙar na rabin awa, ya yi toka toka, kuma tun daga nan jan tsatsa bai fito ba muddin na goge shi bayan aiki. Washi kuwa dutse mai lamba 1000 da fata sun ishe ni, domin salatef da igiyar leda ba sa bukatar kaifin aska. Abin da ya rage shi ne zoben ya ɗan yi nauyin juyawa saboda kakin da ya maƙale a ƙarƙashinsa, kuma zan kankare shi da tsinken sakace kafin kwalayen Kano su iso ranar Alhamis.