Kafin ka kira itace da suna, yanka bakinsa ka duba

Ƙannena masu koyon sassaƙa a injin juya katako, itace ba ya zuwa da takardar haihuwa. A kasuwar katako a nan Bauchi, duk gungumen da ya yi nauyi ya yi duhu suna biyu ake laƙa masa: ko kirya ko maɗobiya. Ni ma haka na riƙa karɓa shekara da shekaru, har na sayar wa wani Alhaji ƙafafun kujera da sunan maɗobiya, ashe maɗaci ne da aka shafa wa kala. Da ƙafa ɗaya ta ƙarje, ainihin launin ya bayyana. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam, kai ma sayar maka aka yi." Bai sake dawowa ba.

Launi shi ne shaidar da ta fi kowace rauni. Rana tana sauya shi, mai yana sauya shi, tsufa ma haka. Dubi akushi: baƙinsa ƙuna ce, ba halittar itacen ba. Kanya kuwa, duk da dangin baƙin katakon nan ce da Turawa ke rububi, sau da yawa in ka tsaga ta fari-fari za ka tarar.

Nauyi ya ɗan fi, amma sai itacen ya bushe. Na taɓa jefa guntu a bokiti, ya nutse, na yi ta murna na samu abin kirki. Ɗanye ne, ruwan cikinsa ya kai shi ƙasa, kuma kwanon da na fitar da shi ya tsage da hunturu ya kama. Ka yanki ɗan guntu mai kusurwa huɗu, ka bar shi ya bushe sarai, ka auna giram nawa ne, ka raba da tsawo sau faɗi sau kauri a santimita. A wannan lissafi, ruwa 1 yake bayarwa. Kirya tana kusantar haka, maɗobiya da kawo suna wajen 0.8.

Inda gaskiya take shi ne bakin itacen, wato wurin da zarto ya gitta. Ka goge shi da reza sabuwa, kada ka yi da sanfefa don gari yana toshe ƙofofin, ka ɗan shafa ruwa, ka duba da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya. Kawo ƙofofinsa manya ne, kowace da farin zobe mai kama da ido, wasu cike da wani gari rawaya. Na maɗaci sukan cika da ƙaro mai duhu. Maɗobiya tana da siraran layuka masu haske suna tafiya kamar igiyar ruwa. Ka ajiye guntayen da ka tabbatar da su, ka rubuta suna a jiki, duk baƙon da ya zo ka jera shi da su.

Sai tambaya. Daga wane daji, Toro ko Alkaleri, ko kuwa daga kudu tirela ta kawo? Akwai sauran ɓawo? Maɗobiya in an sare ta jan ruwa take zubarwa kamar jini. Ka kai guntun wurin tsofaffin masassaƙa turmi, ka durƙusa ka ce, "Baba, wane itace ne wannan?" Da gizago ɗaya da sansanawa sukan faɗa maka. Girman kai ya hana ni yin haka da wuri.

Kada ka ɗanɗana, kuma kada ka yi muciya ko kwanon abinci da itacen da ba ka sani ba. Gwaska tana da nauyi da kyau, amma guba ce. Garin loko yana tayar da asma, don haka takunkumi dole ne.

In kuwa ta tabbata maɗobiya ce, ka san da me kake wasa. Saboda yadda aka yi ta kwasarta zuwa Sin, tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido, a 2022 aka amince a ƙara kawo da maɗaci. Mai odar da zai fita da kaya waje zai nemi sunan gaskiya. In ba ka gano ba, ka ce masa ba ka gano ba, ku yi ciniki a kan haka.